Fentin Baba

Shekara biyu na yi ina kiwon tsatsa. Wasu matan kaji suke kiwo, su ci ƙwai. Ni kuwa fallen ƙarfe arba'in da tara ne, kowanne mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamu biyu. Wani na yayyafa masa ruwan gishiri kullum da safe, wani na bar shi ruwan sama ya doke shi, wani na binne shi a jiƙaƙƙen yashi wata uku. In aka jera su bakwai-bakwai a bango, launin yakan tashi daga ruwan ƙwai a kusurwar sama, ya gangaro ta ja, ya ƙare a baƙi ƙirin can ƙasa. Babu fuska, babu bishiya. Maƙwabta sun gaji da tambayata hoton mene ne, ni ma na gaji da amsawa.

Mai Tabarau ce kaɗai ba ta tambaya ba. Ita ce ke da gidan baje kolin zane-zane, kuma sau huɗu tana mayar da ni da aikina. A na biyar ta tsaya a ɗakin aikina, wanda a da garejin gidanmu ne, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Babban bangon naki ne. Asabar ta sama za mu buɗe.” Ko murna ban iya yi sosai ba. Na kai shekara arba'in a duniya ina koya wa yaran firamare zana kofi da lemu, wannan ne bango na farko da aka taɓa ba ni.

Ranar Litinin na shimfiɗa fallayen a ƙasa don in lanƙaya musu lamba kafin motar ɗauka ta zo, sai na tafi kwas ɗin kwana biyu da makaranta ta tura mu. Na bar Baba a gida.

Baba ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran jikin mota. A wurinsa tsatsa cuta ce, kamar ƙazuwa, kuma abin kunya ga mai ƙarfen. Tun rasuwar Inna bai sake taɓa guduma ba. Daga kujera sai tabarma, rediyo a kunne. Ban taɓa yi masa bayanin aikina ba, don a ganina ba zai gane ba. Wannan laifina ne, ba sai an faɗa mini ba.

Da na dawo ranar Laraba da la'asar, warin fenti ne ya tare ni tun daga ƙofa.

Na same shi a gareji da tsohuwar rigar aikinsa, wadda na ɗauka an daɗe da yarwa. Fallayen suna jere a jikin bango, dukkansu arba'in da tara, an goge su tas da samfefa, an shafe su da jan fentin nan da ake fara sa wa mota. Ja ɗaya, sumul, babu ko ɗigo.

“Uwata, kin dawo?” in ji shi. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. “Na ji kina waya za a kai su gaban manyan mutane. Na ce 'yar mai gyaran mota ta kai ƙarfe da tsatsa? Ai sai a zage ni.”

Ya miƙo mini tafin hannunsa, duk ya sale. Yana dariya. Rabon da in ga haƙoran Baba tun Inna tana da rai.

Na zauna a kan bokitin da nake haɗa ruwan gishiri. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Na nemi fushi a zuciyata ban samu ba, gajiya ce kawai ta sauko mini.

Na fita tsakar gida na kira Mai Tabarau, na gaya mata. Ta ce, “Wayyo ƙanwata. Jan murabba'i kam kowa ya yi shi. Tsatsar nake so.” Ta ce za ta ba wani mai zane bangon, kuma jerin masu jira ya kai shekara uku. Ta yi mini magana da tausayi, abin da ya fi zagi ciwo.

Da na juyo, Baba yana tsaye a bakin ƙofa, tsumma a hannunsa. Kunnensa ƙalau yake, duk da rediyon.

“Tsatsar ce aikin?” ya tambaya.

“Ita ce, Baba.”

“Da gangan kika sa ta?”

“Da gangan.”

Ya koma ciki. Na bi shi. Ya ɗauki falle ɗaya, ya juya shi, ya karce gefensa da farce kamar yadda yake gwada aikin wani. Fentin ko gezau.

“Kwana nawa take yi kafin ta dawo yadda kike so?”

“Shekara biyu.”

Ya jinjina kai.

“Shafi uku na yi masa,” ya ce a hankali. “Mai kyan na sa. Wannan ko shekara goma ba zai bar ta ta kama ba.”

Na ce, “Baba, bar shi, zo ka ci abinci.”

Bai ko dube ni ba. Ya jawo kujerarsa, ya ɗora fallen a cinya, ya naɗe sabuwar samfefa, ya fara kankare fentinsa daga kusurwa. Na tsaya ina jin ƙarar, shuu, shuu. Saura arba'in da takwas.