Bindigar Hagu a Bikin Mirwais

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka.

Kakanku Shamroz, Allah ya jiƙansa, duk garinmu na Darra an san hannunsa wajen haɗa harsashi. Da aka sa ranar auren ɗanmu Mirwais, mako biyu ya yi yana shiri. Kun san al'ada: dangin amarya su kafa ƙwai a kan dutse can nesa, ba a ɗaukar amarya sai dangin ango sun fasa shi da harbin bindiga.

Bindigogi biyu ke rataye a bangonmu, ɗaya dama ɗaya hagu, iri ɗaya sak, ƙirar mahaifin Shamroz, kuma an daina yin harsashinsu tuntuni. Sai ya samo ƙwanson tagulla na wata bindigar, ya zuba albarushi kaɗan, ya harba a cikin ta dama, wuta ta buɗa ƙwanson ya ɗauki siffar cikinta. Sannan ya sake cika shi a tsanake. Goma sha biyu ya yi.

Na kawo masa shayi na ce, "Baban Mirwais, ɗan da ka haifa ma ba ka lallaɓa shi haka ba."

Ya ce, "Shi ai bakinki ya gado, ba ya gyaruwa. Waɗannan kuwa sun san uwarsu. Cikin ta hagu ya fi matsewa, ko da guduma ba za su shiga ba."

Har ya hana 'yan'uwansa zuwa da bindiga, wai harbinsa ɗaya ya isa.

Ana gobe biki na sauke bindigogin, na goge bango, na mayar.

Muna cikin gidan amarya, tafiyar awa uku a mota daga namu, ina kai lomar shinkafa baki, sai na tuna wani abu. Ta dama tana da tabon ƙuna a gindinta. Da safe, da zan kulle ƙofa, na ga tabon nan a bango. Ashe wajen mayarwa na musanya musu mazauni, ta hagu Shamroz ya ɗauko.

Wa zan faɗa wa? Mace ba ta shiga filin maza. Ko na shiga, me zan kai masa? Na bi mata muka hau soro.

Ga shi can a durƙushe. Ya tura harsashi, bindiga ta ƙi rufuwa. Ya cire, ya goge da rawaninsa, ya ɗauko wani. Ina ƙirgawa, hannuna a baki, har na goma sha biyu. Masu ganga suka yi shiru.

Kawun amarya, Janat Gul, ya ɗaga murya: "Malam maƙeri, ko mu dafa ƙwan mu kawo maka?"

Aka kwashe da dariya. Da rana ta karkata, Janat Gul ya fasa ƙwan da kansa, aka ba mu amarya kamar sadaka.

A gida Shamroz ya tsaya gaban bango ya daɗe. Ya mayar da kowace mazauninta, ya ce, "Bangon ya gogu da kyau." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Mirwais da amaryarsa Zarlashta suka zauna lafiya, suka haife ku. Janat Gul ya mutu yana ba da labarin. Kakanku ya ƙara shekara goma sha tara, ana kiransa Mai Ƙwai a kasuwa, bai sake harbi a biki ba. Harsasan goma sha biyu suna cikin akwatina. Ni kuwa ga ni zaune.