Sawun da Aka Yi Salla a Kansa

Kai ma da kana wurin, da ka kau da kai. Haka muke: mu ga kare, mu tattare bakin riga mu tsallake titi, ba mu taɓa tambayar abin da ake koya masa ba. Shi ya sa Alhaji Badamasi, ɗan kasuwar Kano mai saro wayoyi a Dengfeng ta ƙasar Sin, bai san ɓarnar da ya yi ba.

Tankari ne ya gayyato shi. Ɗan Dogonduci ne, yana karatun likitan dabbobi a Tianhe, kuma shekara guda ke nan yana horar da Ahei, baƙar karyar ƙungiyarsu ta masu horar da karnuka. Yau gasar bin sawu ake yi a bayan gari. Tun girgizar ƙasar bara, masu aikin ceto kan zo su ɗauki duk karen da ya haye. Idan Ahei ta faɗi, an riga an yi mata wuri: gadin sito a Liwan, da sarƙa a wuya har ta mutu.

Dokar ba ta da wuya. Mutum ɗaya zai ratsa ciyawa da ƙafa, ya yar da safar hannu, a bar wurin awa guda ba mai takawa, sannan kare ya bi da hanci. An yi ƙuri'a, kowa ya san filinsa. Ana cin abinci a rumfa, Tankari ya waiwaya ya hango Alhaji a tsakiyar fili na uku yana naɗe darduma.

"Alhaji! Me ka yi?"

"Azahar, likitan karnuka. Ko ita ma an hana? Nan kaɗai na ga ba kashin kare."

"Ta ina ka bi?"

"Ta nan, ta can. Sai da na sha zagaye kafin in gane alƙibla."

Turarensa kuwa, ko mai mura sai ya ji. Filin na Madam Lin ne, tsohuwar malamar makaranta wadda karenta ke gaban kowa. Ba wanda ya gani.

Da Tankari ya yi masa bayani, Alhaji ya rage murya. "To ka yi shiru mana. Ai ba naka ba ne. Gaba ta kai ka."

Tankari ya dubi Ahei, ta kwantar da haɓa a kan takalminsa. Sannan ya nufi alƙalin gasar, ya faɗa masa abin da ya faru, ya roƙi a sauya fili.

"Meiyou," in ji alƙali, yana girgiza kai. Wato babu sauran fili.

"A ba Madam Lin nawa, ni in ɗauki nata," Tankari ya ce da Sinancinsa mai tuntuɓe. "Baƙona ne ya taka."

Madam Lin ta ƙare masa kallo ta saman tabarau. Ba ta yi godiya ba. Ta dai matso ta ce, "Idan karyarka ta rikice, kada ka ja igiya. Ku matasa ba ku iya jira ba. Bar ta ta yi tunani."

Ahei ta sa hanci a ƙasa, ta tafi sambal, igiya na warwarewa a hannunsa. Suna isa inda aka yi sujada ta tsaya cak. Ta yi atishawa. Ta bi sawun Alhaji taku biyar, ta dawo, ta zagaya. Tankari ya riƙe igiya, bai ja ba. Mutum talatin a bakin fili, duk abokan takara, ba wanda ko ya yi tari.

Can sai wutsiyarta ta miƙe. Ta karya hagu, ta ja shi har ƙarshen ciyawa, ta kwanta da safar hannu tsakanin ƙafafunta.

Alƙali ya faɗi maki: da ƙyar, amma ta haye. Madam Lin ce ta fara tafi. Tankari ya zube a ciyawa yana dariya, idanunsa sun cika.

Alhaji ya matso, ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon yadda karyar ke haki.

"Kai ɗan Nijar," ya ce, "kana zaune kana washe baki. Tashi ka ba ta ruwa mana!"