Abin da Namadi Bai Faɗa wa Likita Ba

“Kada ka ƙaraso! Dogo, na ce kada ka ƙaraso!”

Ina, ai Dogo ya riga ya zagayo garken awakin da ke jikin zaure, da gatarin da ya zo mayarwa a kafaɗa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Namadi tun suna Birnin Tsaba, har rashin zaman lafiya ya koro su Kaura Namoda suka sake zama maƙwabta, kuma bai taɓa jiran izini ba in ya ji muryarsa.

Ga Namadi zaune dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafar hagu kamar ba tasa ba, da roba a gabansa yana cuɗa wando. Dattijo mai furfura, ga matarsa Asiya a ɗaki, yana wanki a ɓoye da rana tsaka! Wani wandon yana shanye a kan dangar kara, tabarmar da yake kwana a kai kuma an jingine ta tana ɗiga.

“Mi ke nan, Namadi?”

“Wanki ne. Ba ka taɓa ganin wanki ba?”

Dogo ya ajiye gatari ya tsugunna. Hancinsa ya riga ya gaya masa. “Tun yaushe?”

Namadi ya ci gaba da cuɗa har kumfa ta ƙare, sannan ya ce, “Tun kahin mu tai Gusau. Ba ni jin zuwanai, Dogo. Sai dai in ji sanyi.”

Da Dogo aka je asibitin Gusau ɗin. Sagir, mijin Laila ’yar farin Namadi, shi ya kwashe su a motarsa ta haya. Namadi ba shi da ɗa namiji, sai wannan suruki, kuma tunda aka ɗaura auren bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce “direba.” Bai taɓa cin tuwo a gabansa ba, ko ruwa ba ya sha. Ran nan kuwa ciwon baya ya hana shi zama da kansa, sai da Sagir ya tsaya bayan kujera yana riƙe da kafaɗunsa. Likita ya ɗaga hoton da aka ɗauka ya nuna musu inda wani faifai da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu ya zame ya danne jijiya. Sannan ya yi tambaya, dalla-dalla.

“Baba, fitsari fa? Kana iya riƙewa? Bayan gida? Tsakanin cinyoyinka kana jin taɓi, ko wurin ya mutu?”

Namadi ya dubi ƙasa ya ce, “Lahiya lau.”

Likita ya sake tambaya, ya sake samun lahiya lau. Sai ya ce to alhamdu lillahi, ba a makara ba, ba kuma dole a yi gaggawa ba. Aiki yana raba mutane da yawa da ciwon ƙafar, amma yana da nasa haɗarin: ciwo kan ruɓe, jijiya kan taɓu, ga shi kuma Baba yana da hawan jini, allurar barci ba wasa ba ce gare shi. A fara da magani da hutu, a je a yi shawara. Amma fa, in ji shi, duk ranar da fitsari ya ƙi riƙuwa ko wurin ya mutu, ranar a kawo shi, kada a kwana.

Aka dawo aka shiga shawara. Kai, an sha shawara! Kullum bayan la’asar majalisar gindin darbejiya ba ta da zance sai bayan Namadi. Wannan ya ce akwai wani mutumin Katuru da aka yanka, bai ƙara tashi ba har ya koma ga Allah. Wancan ya ce ƙarya ne, ga wata mata a Zurmi da aka yi wa, yanzu ita ke surfen gidansu. Wanzami ya ce a bar shi da ƙaho kawai. Dogo kansa ya fi kowa baki, shi ne mai cewa a bi a hankali, tunda likita da bakinsa ya ce ba gaggawa. Ashe duk suna auna abin da ba shi ba ne.

“Ka ji abin da likita ya ce,” in ji Dogo. “Ya ce kada a kwana. Kai ko wata nawa ka kwana?”

“A gaban mijin ɗiyata zan ce ina hitsarin kwance? Hannunai bisa kahwaɗata?”

“To ka faɗi yanzu!”

“Wa zai kai ni? Wa zai ɗauke ni ya sa mota? Shi ne dai.” Namadi ya kama hannun Dogo da jiƙaƙƙen hannunsa. “Ka rantse ba ka faɗi.”

“Asiya ta sani?”

“Ta sani. Na hana ta. Ita ma da wane baki za ta faɗa ma surukinta? Rantse, Dogo.”

Dogo bai rantse ba. Ya zare hannunsa, ya matse wandon ya shanya masa, ya fita.

Har ya kai bakin titi bai san abin da zai yi ba. Ya san Namadi sarai. Mutum ne da zai yafe maka in ka ci masa gona, amma ba zai yafe maka wannan ba. In ya yi shiru, ƙafafun za su bi fitsarin, mutumin da ya yi noma shekara arba’in ya koma sai an juya shi. In ya faɗa, ya rasa abokin da ya rage masa daga garinsu. Ya tsaya wurin mai rake ya yi ta kallon babura, haushi ya cika shi, haushin Namadi, haushin likitan da bai ce yaron ya fita ba, haushin kansa da yana cikin ɗakin bai lura ba. Sai ya ga ƙafarsa ta nufi tasha.

Ya iske Sagir yana lodin Shinkafi. Ya ja shi bayan rumfar mai shayi ya gaya masa, idonsa a kan tayar wata mota. Sagir ya cire hula ya riƙe a hannu.

“Saboda ni, Baba Dogo?”

“Ba laihinka ba ne, ɗana.”

“Da na sani ai da waje na tsaya.” Ya share ido da hular, ya koma ya ba fasinjoji haƙuri ya sauke kayansu.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida Namadi ya gane. Sagir ya shimfiɗa leda a kujerar baya, ya rufe ta da bargo don kada a gani, amma leda ba ta iya shiru, ana kwantar da shi ta yi ƙara. Namadi ya ɗago ya dubi Dogo.

“Da ka hau rumfar kasuwa ka yi shela, ka bar min yaron ga. Allah ya isa tsakanina da kai.”

Daga wannan bai sake ce masa uffan ba, har Gusau, har babban asibitin Sakkwato inda aka tura su.

A can Sagir da kansa ya tsaya waje. Dogo ne ya riƙe kafaɗun, Namadi na ƙoƙarin zamewa. Likitar mace ce, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce da an zo da wuri da zance ya bambanta. Yanzu jijiyar ta daɗe a danne. In aka yi aiki, akwai kyakkyawan zato ciwo ya tafi, ƙafa ta tsira, ya taka da sanda. Fitsari kuwa ba ta alkawari, wataƙila sai da robar da ake zurawa ta fitar da shi har ƙarshen rayuwa, ita ma robar tana jawo ciwo in ba a kula ba. Yana kuma yiwuwa, saboda jininsa, a kwantar da shi bai farka ba. In ba a yi ba, ƙafafun biyu za su tafi, wannan ba ta shakka.

“Baba, kai za ka zaɓa. Kana da tambaya?”

“Guda ce,” in ji Namadi. “In anka yi, zan iya kai kaina kewaye in wanke jikina da hannuna?”

“Ina sa rai. Ban ce tabbas ba.”

“In ba a yi ba?”

“Sai an yi maka.”

“To a yanka.”

Aka yi aikin, ya farka. Wallahi ya farka, har ya nemi kunu. Ciwon da ya hana shi barci tun damina ya tafi, kafin a sallame su yana takawa daga gado zuwa ƙofa. Aka dawo Kaura da shi da sanda, da jakar fitsari da Asiya ta ɗinka wa aljihu a cikin riga. Majalisa ta rabu biyu, masu cewa aiki ya yi kyau da masu cewa ina kyan yake. Namadi dai bai sake fitowa gindin darbejiya ba, kuma ya ce in Dogo ya yi sallama a ce yana barci.

Abin ya ci Dogo ƙwarai. Da safe yakan zauna jikin katanga yana gyaran igiya, yana jin sandar tana tafiya, ƙwas, ƙwas, zuwa kewaye, sai ƙarar buta, sai ta dawo. In ya ji haka sai ya ce a ransa gara da na faɗa. In kuma aka yi sallar Juma’a ya dawo shi kaɗai, babu mai tsokanarsa cewa tsawonsa ya tare wa sahun baya liman, sai ya rasa gane ko ya yi daidai. Rani ya wuce a haka, aka yi shuka.

Gero na fitar da kai zazzaɓi ya kama Namadi. Ya ɓoye shi, halinsa ne. Ko da Sagir ya kai shi asibiti aka ce ciwon ya bi robar ya hau ƙoda. Aka yi allurai, aka yi ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo, ya sake komawa. Daga baya shi da kansa ya ce a mayar da shi ɗakinsa.

Wata la’asar Asiya ta leƙo ta kan katanga, abin da ba ta taɓa yi ba. “Malam Dogo, shina kira.”

Dogo ya shiga ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ɗakin na warin magani da turaren wuta. Namadi ya rame har kunnuwansa sun yi girma, amma idon nan na nan.

“Duƙa mana, kada ka ɗebe min rufi.”

Dogo ya zauna a bakin gado. Ya shirya maganganu da yawa a watannin nan, ko ɗaya bai samu ba. “Namadi, ka yahe min.”

“Ban yahe ba tukuna.” Ya yi numfashi. “Wata nawa ina kai kaina kewaye. Ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya gani. Wanga kai ka jawo shi, na sani. Kunyar da ni ji a motar nan ma kai ka jawo ta.”

“Ni ne.”

“To saura aiki guda. Kai ka tona ni, kai za ka rufe ni. Kai za ka yi min wanka. Kada ka bari kowa ya gani. In ka yi, na yahe.”

Dogo ya fashe da kuka, ƙato da shi, har Asiya ta saki labule ta koma.

“Kai, tashi ka ba ni wuri,” in ji Namadi. “Ka jiƙa min bargo, a ce ni ne.”

Washegari da hantsi ya cika.

Aka shimfiɗa shi a ɗakin zaure, aka kawo ruwa da magarya da turare. Liman ya ce ana son mutum guda ya riƙa zuba wa Dogo ruwa. Mutane suka dubi juna. Sagir ya miƙe daga inda yake tsugune ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran abin da Dogo zai ce. Dogo ya dube shi, ya dubi gawar, sannan ya matsa masa ya shiga, ya ja ƙyaure.

Dogo ya rufe abokinsa da zane daga ƙirji har gwiwa, ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya sa a ƙarƙashi. Da ya juya shi ya ji tabon aikin a ƙugu, ya warke sumul. Ya ce a zuba. Ruwa ya sauka a ƙasa, gefen tabarma. Ya ɗaga kai, sai ya ga Sagir ya juya fuskarsa ga bango tun shigowarsa, ya miƙo butar ta baya, kafaɗunsa na rawa.

Dogo bai ce masa ya juyo ba. Ya kama wuyan hannunsa ya jawo shi daidai wurin, ruwan ya ci gaba da zuba a kan zanen.