Jijiya ta Huɗu

Wata biyar Tamar tana cin tuwo da gefen hagu kawai. Matauninta na sama, na dama, shi ne ya hana ta sakat, kuma ai an riga an yi masa aiki! Wani likitan haƙori a Kafanchan ya huda shi, ya kwashe jijiyoyi uku, ya toshe, ya ce an gama.

Ciwo kuwa ko gezau. Sau uku tana hawa mota daga Kagoro ta koma wurinsa.

"Mama, jijiya uku ce a wannan haƙorin, na cire su duka," in ji shi, ko kujera bai nuna mata ba. "Haƙorin da ya mutu ba ya ciwo. A ranki abin yake."

A ranta! Ji mutum don Allah. Amma abin da ya fi ƙona mata rai, mijinta Bartholomew ya ɗauki maganar ya zauna a kai daram.

"Maman Regina, kin fi likita sani ne? Ki rage raki."

Har gaban Fasto ya kai ta a yi mata addu'ar cire damuwa. Matar da ta haifi 'ya'ya shida ba a ji kukanta ba, yau ita ce mai raki.

Ranar da kuncinta ya kumbura suntum, ta ja Bartholomew zuwa wani asibitin. Likitar can, wata Dakta Hellen, ta ɗauki hoton haƙorin ta gefe biyu, ta kira su.

"Baba, duba nan. Ba kowa ke da jijiya uku ba. Na Mama huɗu ne, ta huɗun siririya ce, ta ɓuya bayan 'yar'uwarta. Ita ce ta ruɓe a ciki. Da an nemo ta da wuri, da haƙorin ya tsira. Yanzu ya tsage, sai cirewa."

Bartholomew ya gyara tabarau, ya ƙura wa hoton ido.

"Kai! Ashe da gaske ne."

Tamar ta juyo. Bakinta da ƙyar yake buɗuwa, amma ta buɗe shi.

"Ashe? Shekara talatin da ɗaya muna ɗaki ɗaya, Baban Regina. Wannan hoton minti biyu ka san shi, ka yarda da shi. Fita ka jira ni a waje."