Ƙuri'ar Babale

Shekara goma sha ɗaya Latifatu ta yi tana jinyar tsofaffi a gidajen Jidda, amma ba ta taɓa haɗuwa da mai son ba da labari irin Mama Eteri ba. Latifatu 'yar Hausawan Sudan ce, haifaffiyar Mai-Wurno. A Wad Madani ta koyi aikin jinya, aure ya kawo ta unguwar Mahjar a Jidda, inda mijinta Na'ibi yake tuƙa motar kaya. Kullum da safe takan hau mota zuwa unguwar Safa, gidan wani injiniya mai suna Otar da ke aiki a wurin tace ruwan teku. Shi ne kafilinta, wato wanda ya tsaya mata a takardun aiki, mahaifiyarsa kuma ita ce majinyaciyar.

Mama Eteri ta haura tamanin da biyar. Asalinta 'yar Jojiya ce, wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu tsakanin Turkiyya da Rasha, amma a Faransa aka haife ta, kuma ta yi shekara ashirin a Bairut tare da marigayi mijinta, shi ya sa Larabci ya zauna a bakinta. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa mata hannun dama da harshe. In ita da Latifatu ne kaɗai magana tana fita, a hankali dai. In mutane suka yi yawa kuwa sai harshen ya ƙulle.

A lokacin motsa hannu take labarin, Latifatu na lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Labarin mahaifiyarta ne, wata malamar makaranta daga yankin Guriya mai suna Babale. Ranar farko da Latifatu ta ji sunan sai da ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ai a wurinsu Babale sunan maza ne. Tsohuwar ta ce hakan ma ya dace da ita.

Ta ce tun Babale tana yarinya manoman Guriya suka shiga jam'iyyar Soshal Dimokrat, jam'iyyar ma'aikata da talakawa, suka daina yi wa masu ƙasa noma, suka riƙa yanke shari'arsu a taron gari har sarkin Rasha ya aiko soja aka ƙone ƙauyuka. Da mulkin sarkin ya faɗi, jam'iyyar ce ta jagoranci ƙasar ta ayyana 'yancin kanta ranar ashirin da shida ga Mayu, 1918. Shekarar da ta biyo aka yi zaɓe, maza da mata kowa da ƙuri'arsa, a lokacin da matan Faransa ma ba su da wannan dama. Babale tana da shekara ashirin da ɗaya. Ta bi gida-gida cikin ruwan sama tana fito da matan ƙauyensu, har da wata makauniya da ta riƙe wa hannu zuwa wurin akwati. Mata biyar suka shiga majalisa. Aka raba wa manoma gonaki, aka tsayar da aikin yini a awa takwas. Shekara uku ba ta cika ba sojojin Bolshebik, 'yan gurguzu, suka shigo daga Rasha, gwamnati ta hau jirgin ruwa a Batumi, Babale tana cikin masu tafiya.

Latifatu ta san irin wannan tafiyar. Kakan mahaifinta da ƙafa ya bar ƙasar Hausa bayan Turawa sun ci yaƙi, bai sake ganin garinsu ba. Wataƙila shi ya sa labarin ya kama ta. Wata rana ta tambayi tsohuwar ko mutanen nan ba su taɓa yin laifi ba ne. Mama Eteri ta ce sun yi. Sojojinsu sun ƙone ƙauyukan wata ƙabila da ta yi musu tawaye, kuma Babale ba ta taɓa kare wannan ba har ta mutu.

Otar dai ya ji labarin tun yana yaro har ya gundure shi. Duk da haka, da watan Mayu ya zo uwar ta matsa, sai ya gayyaci 'yan Jojiya da ya sani a Jidda su zo cin abinci bayan la'asar ranar ashirin da shida ga wata. Mutum goma sha huɗu suka zo: likitoci, wani mai dafa abinci a otel, wata mai koyar da iyo. Sati biyu Mama Eteri ta yi tana gwada jawabinta a gaban Latifatu. Ranar ta sa baƙar riga, ta ce a zaunar da ita a kujera, ba a keken marasa lafiya ba.

Ana cikin cin burodi mai cuku, wani matashin likitan haƙori mai suna Lasha ya faɗi wata magana da yarensu, kowa ya dubi Mama Eteri. Latifatu ba ta jin yaren. Ta tambayi Otar a hankali, ya ce mata yaron cewa ya yi kakansa yakan ce waɗannan 'yan jam'iyyar gudu suka yi da dukiyar ƙasa, suka bar talakawa a hannun Rasha.

Mama Eteri ta buɗe baki. Kalma ɗaya ta fito, ta biyu ta maƙale. Ta sake gwadawa, miyau ya zubo a gefen bakinta. Latifatu ta durƙusa ta goge mata, tana niyyar mayar da ita ɗaki, sai tsohuwar ta damƙe mata wuyan hannu da hannunta mai lafiya.

"Ke faɗa, ya binti, 'yata," in ji ta.

Latifatu ba ta taɓa magana a gaban taro ba, ko a biki a Mahjar can baya take zama. Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce wa Otar ita za ta yi da Larabci, shi ya juya musu. Ya yi kamar zai ƙi, ya dubi uwarsa, ya ajiye kofinsa.

Ta fara daga Guriya. Da ta iso kan makauniyar nan da akwatin zaɓe sai ta manta da idanun da ke kanta. Ta kawo shekarun daidai, ta faɗi yawan matan majalisa, ba ta tsallake ƙauyukan da aka ƙone ba. Otar yana biye da ita jimla bayan jimla. Sau ɗaya ya tsaya ya share ido, don bai taɓa jin cewa mahaifiyar Babale ta bi keken dokin da ya ɗauke ta har bakin kogi ba takalmi ba.

Sannan ta juya ga Lasha.

"Dakta, dukiyar da ka ce, kayan tarihi ne da na coci. An tsare su a Faransa, masu tsaron suna cikin talauci, kuma an mayar da su ƙasarku a 1945. Batun gudu kuwa, yayan Babale bai hau jirgi ba. Ya zauna, aka harbe shi a tawayen 1924. Sunansa Silibistro. Ita kuma ta yi shekara talatin tana wanke wake a wata gona kusa da Faris, ba ta karɓi takardar zama 'yar wata ƙasa ba."

Mama Eteri ta buga hannun kujera. Kowa ya juya.

"Talatin da biyu," in ji ta, sarai.

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Lasha ya tashi ya zo gabanta, ya sunkuya ya sumbaci hannunta, ya ce shi a makaranta shafi ɗaya aka koya musu a kan waɗannan shekaru. Mai dafa abincin nan ya ɗaga murya da wata waƙar ƙasarsu, sauran suka amsa, kowa da tasa muryar, har maƙwabta suka leƙo.

Da aka watse, Otar ya ce shi zai kai Latifatu gida da kansa. A hanya ya yi ta yi mata tambayoyi a kan kakarsa, tana amsawa, har suka wuce kwanar gidansu sai da ta ce ya juya. Na'ibi yana ƙofa yana shirin tafiya magariba. Ya tambaye ta me ya tsayar da ita yau.

"Jawabi na yi," in ji ta.

Ya dube ta, ya dubi injiniyan da ya fito daga mota yana miƙo masa hannu, ya ce to, bari ya dawo daga masallaci a ba shi labari tun daga farko.