Jinin Masu Lafiya

Tana cikin wanke kofuna kunnenta na hagu ya ɗauke. Ta ji kamar an cusa mata auduga, sai wata siririyar ƙara, shi ke nan.

Ta gaya wa maigidan. Tsohon malamin jami'a ne, ba ya yarda da abin da bai gani a rubuce ba.

"Kunne ai ba wutar lantarki ba ne da zai ɗauke," in ji shi. "Ɗazu da ƙanwarki ta kira waya kin ji sarai. Maganata ce ba kya son ji."

"Malam, da na dama na ɗauka."

"To ki riƙa ɗaukar tawa da shi."

Ta nemi ya kai ta asibiti, ya ce a bari ta huce tukuna, wai fushi ba ya buƙatar likita.

A makon ne autarsu ta zo hutu. Bincike take yi a kan wasu alamomin ƙwayoyin halitta da ke yawo cikin jini, ko za su iya nuna kurumtar farat ɗaya. Ta tara jinin marasa lafiya, saura na masu lafiya da za ta gwada da shi.

"Ɗebi na uwarki," in ji uban. "Garau take. Taurin kai dai ba ya fitowa a jini."

Yarinyar ta yi dariya, ta ɗaure mata hannu. "Umma, kunnen fa?"

"Babanki ya ce ba komai."

"To alhamdu lillahi." Ta manna wa kwalbar takarda, ta jera ta cikin masu lafiya.

An kusa wata biyu kafin yarinyar ta kira. Kwalba ɗaya ta ƙi zama cikin 'yan'uwanta, alamominta sak na marasa lafiya, kuma ta uwarta ce. Sai a lokacin aka je asibiti. Likitan ya gwada kunnen, ya ce da a makon farko aka zo, da akwai abin yi.

A mota maigidan ya riƙe sakamakon jinin da hannu biyu, yana karantawa cikin ladabin da bai taɓa saurarenta da shi ba.

"Ashe da gaske ne," ya ce. "Ke ma dai, da kin nace. Ga shi kin ɓata wa yarinya lissafi."



Da daddare ta ɗauke matashinta, ta koma ɗaya gefen gadon. A falo ma ta sauya kujera. Yanzu duk inda ya zauna, yana hagunta.

Yakan yi bayani mai tsawo, kamar yadda ya saba. Ita kuwa takan gyaɗa kai. Ya gaya wa abokansa cewa tunda ta yi ciwon nan ta fi fahimta.