Kwalba Mai Lamba Bakwai

An ɗage bikin cikar Tsangayar Nazarin Halittu shekara ɗari, bayan gwaji ya nuna cewa ƙwayar kindirmon da ta yi suna da ita ba ta wanda ya kafa tsangayar ba ce. Shugabanta, Farfesa Radoslav Penchev, shi ya sanar da malamai ranar Litinin da safe a jami'ar garinmu, nan kudancin Bulgeriya. Maƙala talatin da ɗaya ya rubuta a kan wannan ƙwaya, kuma da su ya zama farfesa.

Ignat Chakarov, wanda ya kafa tsangayar, shi ne ya ɗebo ta daga tulun wani makiyayi a 1931, ya ba ta lamba bakwai. Tun daga lokacin, duk bayan kwana goma, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗiga ta cikin sabuwar dafaffiyar madara don kada ta mutu. Da ita ake fara koya wa ɗalibai aiki. A 1998 Penchev ya gano tana jure sanyin da ke kashe sauran irinta.

Saboda bikin ne Dakta Bilyana Tomova ta buɗe wani busasshen samfurin ƙwayar da aka liƙe a gilashi tun 1964, ta gwada shi da na yanzu. Sau uku ta maimaita. Ba su da dangantaka ta kusa.

Ranar Laraba na bi Penchev da Tomova zuwa gidan Gergina Mincheva, wadda ta riƙe kwalbar ƙwayar shekara talatin da huɗu kafin ta yi ritaya. Duk tsangayar Gwaggo ake ce mata. Mun same ta tana gasa tattasai a baranda. Penchev ya fara kewaye-kewaye, yana cewa wataƙila na'ura ce ta yi kuskure.

"Radko, bar wahalar da bakinka," in ji ta, da sunan da take kiransa tun yana ɗalibi. "Na'urar yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Ni na canza."

Tomova ta ajiye kofin da ke hannunta.

Gergina ta ce a Janairun 1997, lokacin yajin aiki, ta yi mako uku ba ta samu motar zuwa ba, firjin ɗakin kuma ya mutu. Da ta dawo ta tarar kwalbar ta yi funfuna. Ta tafi gida, ta ɗebo cokali ɗaya daga kindirmon surukarta, wadda ke kawo shi daga ƙauyensu na kan dutse. Ta ware ƙwayar da hannunta, ta duba a madubin ƙara girma, ta ga ba bambanci, ta manna mata lamba bakwai.

"Gwaggo, shekara ashirin da takwas," in ji Penchev a hankali. "Kina zaune a layin gaba ranar da aka ba ni lambar yabo."

"Har tafi na yi maka. Ƙarya ka rubuta? Ba ta jure sanyin?"

"Tana jurewa. Amma na ce ta Chakarov ce. Na ce tsufanta ne ya koya mata."

"To ta surukata Stoyna ce, Allah ya jiƙanta. A taga take ajiye kindirmonta, ƙanƙara na zuba. Kai da ka kasa wanke kwalba da kyau kana ɗalibi, ka taɓa tambayata?"

Tomova ta tambaya ko akwai wanda ya sani. Gergina ta ce shugaban wancan lokaci ya taɓa korar wata mata a kan fasa gilashi ɗaya, ita kuwa tana da 'ya'ya biyu a makaranta, don haka ko mijinta ba ta faɗa wa ba. Sannan ta zuba mana tattasai a leda, ta ce mu tafi da shi.

Muka dawo a mota har ƙofar jami'a. Nan Penchev ya tambayi Tomova nawa ne daga cikin maƙalunsa suka dogara a kan shekarun ƙwayar. Ta ce goma sha tara.

Kwamitin tsangaya ya rubuta wasiƙa zuwa mujallun da suka buga su, yana neman a gyara ko a janye. Ba za a aika ba sai da sa hannun shugaba. Zuwa yammacin jiya Juma'a, Penchev bai sa ba.